Mun tara kuɗi don gina asibiti a ƙauyenmu, da me ya kamata mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu, kuma kusan dukkanmu manoma ne. Da kakar bana muka yi karo-karo, 'yan'uwanmu da ke zaune a birni suka ɗora nasu, har muka haɗa kuɗi masu ɗan auki. Asibiti mafi kusa da mu yana hedikwatar mazaɓarmu, tafiyar kilomita 12, ga rafi a tsakani. Bara mun rasa mata biyu wajen haihuwa, yara kuma da dama sun tafi da damina. Dattawa sun ce a gina asibiti. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Sakatare, kafin komai ina yi muku ta'aziyya. Allah Ya jiƙan waɗannan bayin Allah, Ya raya abin da suka bari, Ya ba iyayen yaran haƙuri. Na yi shekara 30 da ɗoriya ina aikin jami'in lafiyar al'umma, mafi yawansu a ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina, don haka wasiƙarka ba baƙon labari ta kawo mini ba.

Shawarata kai tsaye ita ce kada ku fara da gini. Na san maganar za ta yi wa dattawa nauyi, domin gini abu ne da ido ke gani, kuma niyyarsu kyakkyawa ce. Amma bulo da kwano ba sa karɓar haihuwa. Ma'aikaci ne ke yi, da magani a hannunsa, da haske, da ruwa. Ma'aikaci kuwa ba ku ne za ku turo shi ba, hukumar lafiya matakin farko ta jiha da ƙaramar hukuma ne ke turowa, su ne kuma ke biyansa. Manufar gwamnati a yanzu ita ce a samu asibiti guda mai aiki sosai a kowace mazaɓa, kuma kuɗin asusun lafiya na BHCPF, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, waɗannan zaɓaɓɓun asibitoci ake tura wa. Sabon ginin da kuka yi da kanku ba lalle ya shiga wannan layi ba. Da idona na ga ɗakunan shan magani da jama'a suka gina da guminsu, aka yi bikin buɗewa da kiɗa, bayan damina biyu aka koma ajiye harawa a ciki. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, domin kuɗin talakawa ne.

Abin da nake so ku fara yi ba ya cin ko kwabo. Ku zauna da dangin waɗanda kuka rasa, cikin ladabi da tausasawa, ku bi diddigin kowace rasuwa. A wane wata ne? Da wane lokaci ciwon ya fara, da wane lokaci aka yanke shawarar fita da mara lafiya? Me aka hau? A ina rai ya yi halinsa: a ɗaki, a hanya, ko a gadon asibiti? Ba don a ɗora wa wani laifi ba, kuma ba jayayya da ƙaddara ba ce. Neman sanin inda bango ya tsage ne. Masana lafiyar mata masu ciki tun 1994 suke magana a kan jinkiri iri uku da ke kashe mace: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A ƙauyukan da na yi aiki, na farko da na biyu su ne suka fi cin rai, kuma gini ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu.

In kun yi wannan lissafi, ina kyautata zaton za ku ga rasuwar yaran ta taru tsakanin Yuli da Oktoba. Wannan ba haɗuwa ba ce kawai. Ka dubi shekarar manomi. Da kaka yana da hatsi, yana da 'yan kuɗi, hanya a bushe, mota na shigowa ranar kasuwa, kuma a lokacin ciwo ya fi sauƙi. Da marka kuwa rumbu ya yi ƙasa, ɗan abin da ke aljihu ya tafi taki da 'yan ƙwadago, mai gida da manyan yara suna gona tun asuba, rafi ya kawo, babur ba ya haurawa. A daidai wannan lokaci ne sauro ke yawa, ruwan sama ke wanko ƙazanta cikin rijiya, yaron da aka yaye yake samun koko tsurarsa sau biyu a yini. Ciwo yakan zo wa manomi a watan da ba shi da kuɗi, ba shi da lokaci, ba shi da hanya. A Nijeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a neman lafiya daga aljihun mara lafiya yake fita, nan take. To mutumin da kuɗinsa sau ɗaya yake zuwa a shekara, in an ce ya biya nan take a watan Agusta, sai ya ce a ɗan jira a gani zuwa gobe. Wannan jiran na gobe shi ne ya kamata kuɗinku ya yaƙa.

Don haka wuri na farko da zan sa kuɗin shi ne abin hawa da hanya. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu. Ka auna: a tashi mai gida, a je a buga ƙofar mai mota, a yi cinikin kuɗin mai, a zagaya neman rance, sannan a kama hanyar kilomita 12. Awa biyun sun ƙare tun ba a bar gari ba. A jihohi irin su Jigawa, Katsina, Zamfara da Yobe an yi shiri da ƙungiyar direbobi ta NURTW inda aka horar da direbobin sa-kai su riƙa ɗaukar mata masu naƙuda kowane lokaci, ana saka musu da ba su layin lodi a tasha. Ku je reshen ƙungiyar na ƙaramar hukumarku ku tambaya. Ko babu shirin a wurinku, ku yi naku: direba biyu ko uku da aka yi yarjejeniya da su a gaban dagaci, farashi a yanke tun yanzu, lambobinsu a rubuce a bangon masallaci da gidan kowace ungozoma, jarkar mai a ajiye wadda ba a taɓa ta don komai sai wannan. Ban cika ba da shawarar sayen mota ba, domin ranar da ta lalace ba mai ita, kowa sai ya zuba wa kowa ido. Mota mai mai ita ta fi daɗewa a kan hanya.

Rafin nan kuma ku dube shi da idon basira. Wani lokaci kwalbati ɗaya da cikon marmara a wuri biyu ko uku, da aikin gayya na 'yan kwanaki da rani, ya fi ɗaki huɗu na asibiti amfani. In rafin ya fi ƙarfinku, to ku shirya abin hawa a kowace gaɓa, kuma duk macen da cikinta ya shiga wata tara da damina, musamman mai cikin fari, da wadda ta haihu sau biyar ko fiye, da wadda aka taɓa yi wa aiki ko ta taɓa zubar da jini, ta koma gidan dangi kusa da asibiti tun kafin naƙuda. Mu da muke da al'adar goyon ciki, wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, wurin zuwan kawai za a sauya.

Akwai abin da ya fi mota muhimmanci kuma kyauta ne: izini. Sau nawa na tarar da mace tana jijjiga ko jini na zuba, mata sun kewaye ta suna kuka, ana jiran mai gida ya dawo daga gona ko daga cin rani? Ku roƙi liman ya yi huɗuba a kai, kowane magidanci ya furta a gaban iyalinsa da maƙwabcinsa cewa in ciwo ya taso ba ya nan, ya yarda a fita da matarsa ko ɗansa ba sai an neme shi ba. Kuma maza su san alamomin haɗari kamar yadda suka san alamar hadari a gabas: jini kowane iri ga mai ciki, kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, zazzaɓi bayan haihuwa, mabiyiya ta ƙi faɗowa, naƙudar da ta wuce awa 12. Doguwar naƙuda ita ce ke kawo yoyon fitsari, kuma wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina ko na Jahun a Jigawa ya ga 'yan matan da ke jiran aiki, ba zai ƙara cewa a bari a ga abin da hali zai yi ba. Yarinya mai cikin fari kunya za ta hana ta faɗa, sai ta danne ciwo tun dare har safiya. Uwar miji da ungozoma su ne idonta.

Na biyu, asusun gaggawa, kuma ku gina shi a kan hatsi, ba a kan kuɗi kaɗai ba. Manomi ya fi iya ba da tiya biyar ta gero da kaka a kan ya ba da kuɗi kowane wata. Ku ware wani kaso na abin da kuka tara ku sayi hatsi da wake yanzu da suke da araha, kowane gida ya ƙara nasa, a zuba a buhunan nan marasa shan iska da ba sai an sa magani ba, a ɗora a kan katako. In farashi ya tashi wajen faɗuwar ruwa sai a sayar da wani ɓangare, kuɗin ya zauna a shirye daidai lokacin da ciwo ke yawa. Wanda larura ta same shi a ba shi rance ba ruwa, a daren, ba sai an kira taro ba, ya biya da kaka. Marayu da waɗanda kowa ya san ba su da shi a yafe musu. Irin wannan asusu abu biyu ke kashe shi: a bar shi a hannun mutum ɗaya, ko a fara ranta shi don biki da taki. Makulli ya zama uku a hannun mutum uku, a cikinsu har da mace, domin mata sun fi jin sauƙin buga ƙofar 'yar'uwarsu da tsakar dare. A karanta lissafi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, ko da wata uku-uku ne.

Na uku, asibitin mazaɓar nan da kuke gani kamar na wasu ne, naku ne. Kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gaba da ke sa ido a kansa, kuma a asibitocin da ke karɓar kuɗin BHCPF shugaban kwamitin yana cikin masu sa hannu a asusun. Ƙauyenku yana da wakili a ciki? In babu, ku nema. Ku je ku gaisa da shugaban asibitin, ba da faɗa ba, ku tambaye shi: akwai mai kwana a nan da dare? Akwai allurar tsayar da jini, kuma a cikin firij take? Domin wannan allura, oksitosin, zafi na kashe ƙarfinta. Akwai ƙwayar tsayar da jini ta misoprostol, akwai allurar jijjiga? Za ku sha mamakin ƙanƙantar abin da ke hana aiki. Na yi aiki a wurin da muke karɓar haihuwa da fitilar waya a baki, ruwa kuma sai dangin mai naƙuda sun ɗebo. Ungozomar asibiti da aka turo daga birni, in ba ta da ɗaki mai ƙofa da makewayi da katanga, ba za ta kwana ba, kuma ni ban ga laifinta ba. Gyaran ɗakin ma'aikata biyu, da sola mai ɗaukar ƙwan fitila da firij, da gyaran tuƙa-tuƙa, ba su kai rabin kuɗin sabon gini ba, amma su ne ke mayar da asibitin yini ya zama na dare da rana. Ku kuma tambayi hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku yadda ake yi wa marasa ƙarfi, da mata masu ciki, da ƙananan yara rajistar magani kyauta; galibi ana neman lambar katin ɗan ƙasa, don haka ku taimaka wa mata su yi tun da wuri. Sannan ku samu matasa goma ko ashirin su je babban asibiti a gwada rukunin jininsu a rubuta. Ranar da aka ce a kawo jini, ba ranar neman mai bayarwa ba ce.

Maganar yara kuwa, mafi yawan abin da ke ɗauke su ana iya tare shi a cikin gari. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da maganin rigakafin zazzaɓi na damina ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wanda ake bi gida-gida ana rabawa wata-wata a jihohinmu. Kowane zagaye na kwana uku ne. Mai rabo yakan ba da na ranar farko a gabansa, na kwana biyun da suka rage sai ya bar wa uwa, kuma a nan ake samun matsala: a ajiye a kan langa a manta, ko a raba wa yayyensa. Ku sa mutum ɗaya a kowace unguwa yana zagayawa rana ta biyu da ta uku. Gidan sauro kuma a kan shimfiɗa yake aiki, ba a shingen lambu ba. Yaro in ya yi zazzaɓi a gwada jininsa a ranar, gwajin minti 15 zuwa 20 ne, in ya nuna a ba shi cikakken magani na kwana uku ko da ya warware a rana ta biyu. Mai kemis na garinku kada ku ɗauke shi abokin gaba, shi ne likitan farko na yawancin mutane. Ku jawo shi cikin shirin, ya daina yanka magani gwargwadon kuɗin mai saye, ya san lokacin da zai ce wannan ya fi ƙarfina. Yaron da ke suma, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko haƙarƙarinsa ke faɗawa in yana numfashi, ba na kemis ba ne, ba kuma na hayaƙi ba ne. Na mota ne.

Tamowa ita ce ke share wa sauran cututtuka hanya. Akwai ɗan tef mai launi uku da ake auna damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5: in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, a kai shi asibiti a makon nan, kada a ce haƙori ne ko shan ciki. Uwa da ba ta yi boko ba tana iya koyon awon cikin minti biyar. Abin da ke ba ni takaici shi ne maganin rigakafin yana cikin gonarku: waken suya, gyaɗa, wake, zogale, ƙwai, manja. Sai a kwashe su kaf a kai kasuwa da kaka, a bar yaro da koko fari. Kowane gida mai ɗan yaye ya ware kwano kaɗan na waken suya da gyaɗa, a soya a niƙa da gero a riƙa dama masa, a tanadi na damina musamman. Jariri kuma nono zalla har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata, duk zafin bazara.

Sai ruwa. Manyanku za su tuna kurkunu, yadda yake kwantar da magidanci a tsakiyar noma. Ba allura ce ta kawar da shi ba, tace ruwa da ƙyalle da haƙa rijiyoyin burtsatse ne, har aka tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da shi. Amai da gudawa ma ta bakin tulu yake shigowa; a annobar 2021 sama da mutum dubu 100 aka yi zaton sun kamu a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin arewa ne suka fi jin jiki. In kuna da tuƙa-tuƙa da ta lalace, gyaranta ya zo gaban gini, tare da koya wa matasa biyu gyara da ajiye kayan da suka fi saurin ci. Rijiya a ɗaga bakinta, a yi mata daɓe da murfi, guga ɗaya a rataye, masai kuma ya yi nesa da ita da aƙalla mita 30. Kowane gida ya ajiye ƙullin gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinc. In babu, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Tunda manoma ne ku, bari in ƙara da maciji. Kububuwa ta fi sara lokacin shuka da girbi, kuma dafinta yana hana jini daskarewa, sai mutum ya ga kamar ya samu sauƙi alhali yana zubar da jini a ciki. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi a ɗauke shi. Ba kowane asibiti ke da allurar dafi ba, shi ya sa mutane ke tafiya har Kaltungo a jihar Gombe. Ku bincika tun yanzu wanne ne mafi kusa da ku da ke ajiye ta. Takalmin roba mai tsawo ga masu shiga gona da duku-duku ya fi kowace allura araha.

Abu na ƙarshe da zan sa kuɗi a kai shi ne wanda zai fi daɗewa bai nuna ba. Ku nemi yarinya ko matar aure 'yar garinku da ta gama sakandare da sakamako mai kyau a darussan kimiyya, ku ɗauki nauyinta zuwa makarantar koyon aikin lafiya ko ta ungozoma. Karatun ungozomar karkara shekara 2 ne, na jami'in lafiyar al'umma 3. Baƙuwa za ta nemi canjin wurin aiki, 'yar gari kuwa gidanta ke nan, kuma mata za su buɗe mata abin da ba za su faɗa wa namiji irina ba. Ku yi magana da iyayenta da mijinta a fili, a rubuta cewa za ta dawo ta yi wa gari aiki.

Ban ce kada ku taɓa gini ba har abada, ka isar wa dattawa wannan da girmamawa. Kilomita 12 da rafi hujja ce mai ƙarfi. A yanzu ɗaki ɗaya mai tsafta da rumfa da benci ya isa, inda ma'aikatan asibitin mazaɓa za su riƙa zuwa a rana tsayayya suna awon ciki da rigakafi, ku kuma kuna zuba musu man babur. Ku riƙa rubuta yawan matan da yaran da suka zo. Bayan shekara guda ku ɗauki wannan littafi, da dagaci da kansila, ku je wurin shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma ku nemi a amince muku da ƙaramin asibiti, a ba ku takarda cewa za a turo ma'aikaci, a ba ku kuma zanen ginin da hukuma ta yarda da shi. Ranar da takardar ta shiga hannunku sai a fara buga bulo, kuma ɗakin kwanan ma'aikaciya da rijiya su riga ɗakin jira tashi.